Agogon Makka: Ginin da Ya Mai da Kusanci da Ka'aba Hawa-Hawa

Duk wanda ya sauke farali ko ya je Umara a 'yan shekarun nan, kafin idonsa ya sauka a kan Ka'aba ya riga ya ga agogon. Tun motar da ta kwaso alhazai daga Jidda ba ta shiga gari ba ake hango shi ta tsakanin duwatsu, fari da rana, kore shar da dare. Alhazanmu har sun mai da shi alamar hanya. Wanda ya fito ta ƙofar da ba ita ya shiga ba, ya rasa gabas ya rasa yamma, abin da ake koya masa shi ne ya ɗaga kai ya nemi agogo, daga nan sai ya gane titin Ibrahim Khalil da zai miƙe da shi zuwa masauki.

Agogon kuwa kan gini ɗaya yake daga cikin bakwai. Sunan rukunin duka Abraj Al Bait: dogayen benaye bakwai da suka tashi daga gindi ɗaya, daura da Ƙofar Sarki Abdul'aziz, ta kudancin Masallacin Harami. Na tsakiya, mai agogon, tsawonsa mita 601 ne, hawa 120. Lokacin da aka kammala shi a 2012, Burj Khalifa na Dubai mai mita 828 ne kaɗai ya fi shi a duniya. Daga baya hasumiyar Shanghai ta ƙasar Sin da Merdeka 118 ta Malesiya suka tura shi zuwa na huɗu. Ginin NECOM na Legas, wanda ya daɗe riƙe da kambun tsawo a Nijeriya, mita 160 ne. Ita kuwa Ka'aba tsawonta mita 13 ne da 'yan kai. A cikin rukunin akwai otal-otal, gidajen haya, kasuwar zamani mai hawa biyar, wuraren cin abinci, wuraren salla, wurin ajiye motoci, gidan tarihi da cibiyar duban wata. Kuɗin da aka fi ambata cewa aikin ya lashe dala biliyan 15 ne.

Gina dogon bene a haɗa masauki da kasuwa da ofis a cikinsa ba a Makka aka fara ba. Rockefeller Center na birnin New York tun shekarun 1930 yake, John Hancock na Chicago kuma, mai hawa 100, an gama shi a 1969 da kantuna a ƙasa, ofisoshi a tsakiya, gidajen zama a sama. Dalilinsu sananne ne: fili ya yi tsada a tsakiyar birni, sai a ɗora amfani a kan amfani. Na Makka ma wannan lissafin ya bi, sai dai abin da ya sa filinsa tsada daban yake da na kowane birni, domin maƙwabcinsa shi ne Ɗakin da Musulmin duniya ke fuskanta sau biyar a rana. A ganina wanda ke son gane wannan gini ya ajiye maganar tsawo tukuna, ya tambayi abin da ake sayarwa a ciki. Kusanci ake sayarwa: taku nawa ne daga gadonka zuwa sahu, kuma tagarka tana kallon Ka'aba ko ta juya mata baya. Tun daga wanda ya zuba kuɗin har yadda aka jera hasumiyoyin, komai daga nan ya samo asali.

Kwari mai ƙarancin fili

Makka kwari ce. Alƙur'ani ma da kwarin da ba shi da shuka ya siffanta ta a addu'ar Annabi Ibrahim (AS). Masallacin yana can ƙasan kwarin, duwatsu sun yi masa ƙawanya: Abu Ƙubais ta gabas, Jabal Umar ta yamma, tuddan Ajyad ta kudu. Shimfiɗaɗɗen filin da za a yi gini a kai kaɗan ne tun fil azal, shi ya sa tsofaffin gidajen Makka suke masu hawa uku zuwa biyar, a manne da juna a jikin duwatsu, da tagogin katako masu sassaƙa.

Muddin alhazai na zuwa a kan raƙuma da jiragen ruwa, wannan ya wadatar. Kakanninmu da suka bi ta Barno da Wadai da Darfur har gaɓar Bahar Maliya, wasu shekaru suke yi a hanya, kuma ba su da yawan da za su cika gari. Jirgin sama ne ya sauya komai. A Hajjin 2012 an ƙirga mutum fiye da miliyan uku, a 2019 kusan miliyan biyu da rabi, ga Umara da ta koma ta duk shekara, ga goman ƙarshe na azumi da cunkosonta ke gogayya da na Hajji.

Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, duk faɗaɗa masallacin da aka yi, unguwa ce aka cinye. Aikin Sarki Sa'ud da ya fara a 1955 ya ci gidaje da kasuwanni, na Sarki Fahad a ƙarshen shekarun 1980 ya ci ɓangaren yamma, na Sarki Abdullah da aka aza harsashinsa a 2011 ya share unguwar Shamiyya ta arewa. Wato a daidai lokacin da masu neman masauki kusa da Harami ke ninkuwa, ɗakunan da ke kusa da Haramin raguwa suke yi. Gefe babu wuri, sai dai a fasa dutse ko a yi sama. A Abraj Al Bait duka biyun aka yi.

Sansanin Ajyad

Wurin da hasumiyoyin suke a yau tudu ne a da, ana kiransa Dutsen Bulbul, a kansa kuma akwai sansanin tsaro na dutse da aka gina wajen 1780, zamanin da Makka ke ƙarƙashin Daular Usmaniyya ta Turkiyya, don kare gari da masallaci daga mahara. Ya ga yaƙi ma: a 1916, da Sharif Husaini ya yi wa Turkawa bore, sojojin Turkawan a nan suka ja daga kafin su miƙa wuya. A watan Janairun 2002 aka rushe shi, sannan aka baje tudun kansa.

Turkiyya ta fusata ƙwarai. Ministan al'adunta na lokacin, Istemihan Talay, ya kwatanta abin da rusa gumakan Bamiyan da 'yan Taliban suka yi a Afganistan shekara guda kafin nan. Hukumomin Saudiyya suka mayar da martani cewa sansanin ba wuri ne mai tsarki ba, al'amari ne na cikin gida, kuma don amfanin alhazai za a yi aikin. Gaskiya ne ba wurin ibada ba ne. Amma gini ne da ya haura shekara 200 yana kallon Ka'aba, a garin da ragowar tsofaffin gine-ginensa ke ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a tsaya neman hanyar da sabon gini zai zauna tare da shi ba. Wannan asara ce, ko da mutum ya yarda da buƙatar da ta kawo ta.

Wa ya biya, wa ya mallaka

Nan ne ɓangaren da ya fi burge ni, kuma shi aka fi mantawa. Filin ba na wani attajiri ba ne, ba kuma na kamfanonin otal ɗin da sunayensu ke jikin ginin ba. Waƙafi ne, Waƙafin Sarki Abdul'aziz, wanda aka tsayar domin kuɗin shigarsa ya tafi ga hidimar masallatai biyu masu alfarma, na Makka da na Madina. An fara aikin a zamanin Sarki Fahad, lokacin Abdullah yana yarima mai jiran gado kuma shi ke tafiyar da al'amuran ƙasa, aka kammala bayan ya hau sarauta.

Waƙafi ba a sayar da shi, ba a gadonsa, ba a kyautar da shi. To yaya za a gina abin biliyoyin daloli a kan filin da ba za a iya sayar da ko taku ɗaya daga cikinsa ba? Hanyar da aka bi ita ce, waƙafin ya ba kamfanin gine-gine na Saudi Binladin hayar filin na shekara 28: ya gina, ya sarrafa, ya mayar da kuɗinsa da riba, idan wa'adi ya cika ya miƙa komai ga waƙafin. Shi kuma kamfanin sai ya bayar da hayar wasu hasumiyoyin ga masu zuba jari. Misalin da ya fi shahara shi ne hasumiyar Zamzam. Kamfanin Munshaat na Kuwait ya karɓe ta na shekara 24, ya tara kuɗin ta hanyar sukuk, wato takardun zuba jari na tsarin Musulunci, na dala miliyan 390.

Masu bin manyan titunan Nijeriya sun saba ganin kalmar sukuk a allunan aikin hanya tun 2017, amma na Zamzam iri ne dabam. Wanda ya sayi takardar bai mallaki bulo ko ɗaya ba. Abin da ya saya shi ne haƙƙin amfani: ɗaki kaza, kwanaki kaza a kowace shekara, har wa'adin ya ƙare. In ya ga dama ya zo ya zauna, in ya ga dama ya ba wani haya ko ya sayar da haƙƙin nasa. Farashin kuwa ya danganta da abu biyu, lokaci da taga. Kwanakin Hajji da goman ƙarshe na Ramadan sun fi na sauran watanni tsada nesa ba kusa ba, ɗakin da ke kallon Ka'aba kuma ya fi wanda ke kallon gari. Duk ɗan kasuwa ya san rumfar bakin ƙofa ba kuɗinta ɗaya da ta can ƙurya ba. Abin da aka yi a nan shi ne an rubuta wannan bambanci a takarda, an yanka shi kwana-kwana, an sayar tun ginin bai tashi ba. Masana harkar kuɗi ta Musulunci har yau suna kawo wannan a matsayin misalin yadda za a raya filin waƙafi ba tare da an taɓa asalinsa ba, kuma darasi ne da masu kula da filayen waƙafi a garuruwanmu za su amfana da shi.

Tsarin ginin

Kamfanin Dar Al-Handasah, wanda asalinsa na Labanan ne, shi ya zana rukunin. Tsarin mai sauƙin bayani ne. A ƙasa akwai ƙaton gindi mai hawa fiye da goma wanda ya haɗe komai: kasuwa, wuraren abinci, wuraren salla, zaurukan karɓar baƙi. Motoci ta ƙarƙashin ƙasa suke shigowa, ta ramukan da aka huda, saboda farfajiyar gaba ta masu tafiya a ƙasa ce, kuma da an tayar da salla ta koma sahu. Daga saman gindin hasumiyoyi suka tashi, mai agogo a tsakiya, shida a gefunanta, waɗanda ke gaba sun fi gajarta don kada su tare wa na baya gani. Sunayensu duk daga Harami aka ɗebo: Zamzam, Hajar, Safa, Marwa, Maƙam da Ƙibla. Masu tafiyar da otal-otal ɗin kuwa manyan kamfanonin duniya ne: Fairmont a hasumiyar agogo, Pullman a Zamzam, Mövenpick a Hajar, Raffles, Swissôtel da Rotana a sauran. An yi gobara sau biyu ana cikin aikin, a hasumiyar Hajar a 2008 da ta Safa a 2009.

Matsalar da ta bambanta wannan gini da takwarorinsa na Dubai ko New York ita ce zirga-zirga. Dogon benen ofisoshi sau biyu yake cika ya fashe a rana, safe da yamma, kuma mutane ba sa zuwa a minti ɗaya. A nan dubban mutane ne ke son sauka a lokaci guda, sau biyar kullum, su kuma dawo a lokaci guda, cikinsu da tsofaffi, da masu keken guragu, da waɗanda ba su taɓa shiga lifta ba. Ladan ba ya jiran kowa. Shi ya sa aka raba tafiyar gida biyu: lifta ta sauko da kai daga ɗaki zuwa zauren otal, wata kuma ko matakala mai tafiya da kanta ta kai ka ƙasa ta cikin kasuwa. Duk da haka waɗanda suka zauna a can sun san ranar Juma'a ko lokacin tarawihi, wanda bai fito da wuri ba a bakin lifta zai ji an kabbara. A lura kuma da cewa hanyar mai zuwa salla ta ratsa tsakiyar kantuna. Mai zanen kasuwar zamani a ko'ina burinsa ke nan, jama'a su riƙa wucewa ta gaban kaya, a nan kuwa ya samu jama'ar da ba ta yankewa dare da rana.

Maganin da aka yi wa cunkoson shi ne wuraren salla a cikin ginin kansa, masu manyan tagogi da ke kallon Harami, da lasifika da ke kawo muryar liman kai tsaye. Babban cikinsu yana ɗaukar mutum fiye da 10,000. Sai ga tsarin gini ya haifar da mas'alar fiƙihu: wanda ya tsaya a hawa na goma na wani gini dabam, ya bi limamin Harami, sallarsa ta yi? Wasu malamai sun ce wanda ke wajen masallaci sai sahu ya haɗe da sahu kafin bin ya inganta, don haka suna ganin in farfajiya ba ta cika har ta iso ginin ba, a sauka. A mazhabar Malikiyya, wadda akasarin mutanenmu suka tashi a kanta, an yarda mamu ya bi liman daga wani gida ko da hanya ta raba su, muddin yana jin sa ko yana ganin ayyukan salla, sai dai an togace Juma'a a gidajen da ba kowa ke da izinin shiga ba. Akwai kuma tsohon saɓani kan ninkin ladan salla sau 100,000, ko na masallacin ne kaɗai ko na dukan yankin Harami. Wanda zai sauka a can ya kamata ya tambayi malaminsa tun a gida.

Agogon kansa

Kan hasumiyar, wato agogo da tsinin da ke samansa, ba Dar Al-Handasah suka zana ba. Aikin kamfanin SL Rasch ne na Jamus, na Mahmoud Bodo Rasch, Bajamushen da ya musulunta a shekarun 1970. Duk wanda ya zauna a inuwar manyan lemomin farfajiyar Masallacin Annabi (SAW) a Madina, masu buɗewa da safe su rufe da yamma, ya ga aikinsa. Kasancewarsa Musulmi ya yi amfani, domin wanda ba Musulmi ba ba ya shiga Makka, kuma da yawa daga injiniyoyin ƙasashen waje daga nesa suka yi nasu aikin.

Babbar matsalarsa nauyi ce. Ƙasan ginin kankare ne, kuma akwai iyakar abin da zai iya ɗauka a kansa. Don haka aka yi ƙashin saman da ƙarfe, aka lulluɓe shi da wani haɗi marar nauyi na zaren gilashi da zaren kabon, irin wanda ake ƙera jikin jiragen ruwa na tsere da shi. Wani kamfani a Dubai, Premier Composite Technologies, shi ya ƙera ɓangarorin, aka kawo su gunduwa-gunduwa aka ɗaga sama aka haɗa, a tsawon da iska ke kaɗawa da ƙarfi, a garin da zafinsa ke haura digiri 45. An manne jikin da 'yan ƙananan gilasai masu launi kimanin miliyan 98, wasu da ruwan zinariya.

Fuska huɗu gare shi, kowace faɗinta ya kai mita 43, kuma suna sama da mita 400 daga ƙasa. Fuskar agogon Big Ben na Landan, wanda ake yawan kwatanta shi da shi, mita 7 ce. Kamfanin Perrot na Jamus, masu ƙera agogon hasumiya, su suka yi injinan da ke juya hannuwan. Hannu mai nuna minti ya haura mita 20, mai nuna awa mita 17, kuma cikinsu rami ne da ma'aikaci zai shiga ya gyara fitilu. Ƙwayayen fitila kimanin miliyan biyu ne ke haska fuskokin. A tsakiyar kowace fuska akwai tambarin Saudiyya, dabino da takubba biyu, a sama kuma an rubuta kabbara ta wasu ɓangarori, kalmar shahada ta wasu. Lokacin salla wasu fitilu farare da koraye suna walƙiya daga ƙololuwa, abin da ke taimakon kurame da waɗanda suka yi nisa da jin kiran salla. Can ƙarshe jinjirin wata ne mai tsawon mita 23, wanda a cikinsa ma akwai ɗakuna. An fara gwada agogon a farkon Ramadan na 1431, wato Agustan 2010, gidan tarihin da ke bayan fuskokinsa kuma, mai bayani kan taurari da auna lokaci, an buɗe shi ga jama'a a 2019.

Akwai buri a bayan wannan agogo wanda ya wuce nuna lokacin salla. A 2008 an yi taro a Doha inda wasu malamai da masana suka yi kira da a mai da Makka ma'aunin lokacin duniya a madadin Greenwich ta Ingila, wadda aka zaɓa a taron Washington na 1884 lokacin Birtaniya na kan ganiyarta. Da aka kunna agogon an yi ta maganar cewa ga mafari nan. Hakan bai faru ba. Lokacin Saudiyya yake nunawa, awa uku gaba da Greenwich, awa biyu gaba da Kano da Damagaram, kuma jiragen da ke kawo alhazai da ma'aunin Greenwich suke tashi suna sauka.

Abin da ake so da abin da ake ƙi

Masu sukar ginin ba baƙi ba ne kaɗai. Sami Angawi, masanin zanen gini ɗan asalin Makka, wanda ya kafa Cibiyar Binciken Hajji a 1975, ya shafe shekaru yana kokawa kan yadda ake share tsohon garin ana dasa dogayen benaye. Rasch ma a wannan cibiya ya yi aiki a farkon zuwansa, ka ga mutum biyu da suka faro daga damuwa ɗaya, yadda za a sauƙaƙa wa alhazai, kowa ya ɓulle ta hanyarsa. Masu sukar suna tuna cewa marubuta tarihin Makka sun kawo yadda magabata ke ƙin ɗaga gini ya kere Ka'aba, kuma rumfunan da Turkawa suka kewaye ta da su a ƙarni na 16, masu ƙananan ƙubbobi, ƙasa-ƙasa aka yi su. Wasu kuma suna jawo hadisin Jibrilu, inda aka ambaci matalauta makiyaya marasa takalmi suna gasar dogayen gine-gine a cikin alamomin tashin alƙiyama. A nan sai an yi adalci: malamai irin su Imam Nawawi sun bayyana cewa zaman abu alamar ƙarshen zamani ba shi kaɗai ke mai da shi haram ba.

Ni dai na raba ginin gida biyu. Ɓangaren da mutane ke kwana a ciki yana da hujja mai ƙarfi. Tsohuwar da ƙafa ta gaza, mai ciwon suga, wanda aka yi wa aiki a gwiwa, in suna da hali, wannan gini ya ba su damar sallatar kowace salla a Harami, abin da ba za su iya ba daga nesa. Kuma kuɗin hayar a ƙarshe masallatan biyu yake yi wa hidima. Amma daga inda ɗakunan kwana suka ƙare zuwa ƙarshen jinjirin wata, tsawon da shi kaɗai ya kai wani dogon bene, babu alhajin da ke kwana a wurin. Wannan ɓangare ba ƙarancin masauki ya kawo shi ba, son a gani ne. Kuma shi ne ɓangaren da mai ɗawafi ba ya iya kauce masa. Ka ɗaga ido daga Ka'aba kaɗan, ya cika maka sama. Wurin da aka so zuciya ta tattaru a kan abu ɗaya, an sa masa abin da ke jan ido ta wani gefen, kuma ya ninka Ɗakin tsawo fiye da sau 40. Da an tsaya a tsawon sauran hasumiyoyi shida, da an samu mafi yawan amfanin ba tare da wannan ba.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi a wurina. Harami da ake ɗaurawa, ƙyalle biyu farare, an shar'anta shi ne a kan sarki da talaka ba bambanci. A da ma akwai mai kuɗi akwai marar shi a Makka, amma ƙananan gidajen haya da masaukan waƙafi na talakawa suna nan a gindin masallaci, maƙwabtaka ɗaya da gidajen manya. Da aka share su aka kafa otal-otal masu tauraro biyar, sai kusanci ya koma na mai iya biya, sauran jama'a aka tura su baya. Abraj Al Bait shi ya buɗe wannan ƙofa da faɗi, Jabal Umar ya biyo baya da nasa jerin hasumiyoyin ta yamma, ga kuma aikin Masar, wani faffaɗan titi mai tsawon fiye da kilomita uku da aka yanka ta tsakiyar tsofaffin unguwanni zuwa Harami. Unguwannin da irin waɗannan ayyuka ke matsa wa lamba su ne na masu ƙaramin ƙarfi, irin waɗanda jikokin alhazan Afirka ta Yamma, har da Hausawa, suka daɗe da zama a cikinsu.

Saudiyya ta sa wa kanta burin karɓar masu Umara miliyan 30 a shekara nan da 2030, don haka ginin sama ba zai tsaya ba. Kujeru 95,000 aka ware wa Nijeriya a Hajjin 2023 da na 2024, kuma kaɗan ne ƙwarai daga masu wannan kujeru ke kwana a Abraj Al Bait. Mafi yawa a Misfala da unguwannin da ke bayanta ake sauke su, su tako da ƙafa cikin rana ko su jira motar safa. Ga waɗannan, abin da zai kusantar da su ga Harami sufuri ne. Jirgin ƙasan da aka buɗe a 2010 tsakanin Mina da Muzdalifa da Arfa kawai yake aiki, a kwanakin Hajji, na Haramain da aka buɗe a 2018 kuma Makka yake haɗawa da Jidda da Madina. Jirgin cikin gari, wanda zai kwaso mutane daga unguwanni zuwa masallaci, an amince da shirinsa tun 2012, shekarar da aka kammala hasumiyar agogo, amma aka yi ta ɗage shi. Sai a 2022 aka fara tsararrun motocin safa na birnin Makka masu bin layi-layi.